Neman Yaƙin Bama a Cikin Kan Sarki

A daminar 2009, bayan sadakar arba'in ta kakata, iyayenmu suka taru a gidanmu na gado da ke kusa da Ƙofar Guga domin a raba abin da ta bari. Cikin kayan da aka jawo daga ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin ƙarfe na mijinta, wanda ya riga ta komawa ga Allah da shekaru masu yawa. Kakan nan nawa yana cikin mazan jiya da Turawa suka kai Bama lokacin yaƙin Hitila, kuma ya dawo Katsina a 1946, amma ƙanensa da suka shiga soja tare bai dawo ba. Da aka fasa kwaɗon akwatin sai aka tarar da lambobin yabo, da takardar sallama daga soja wadda ta karye a wuraren ninki, da wasu wasiƙu ɗaure da zare. Babu wanda ya nuna sha'awar takardun, saboda haka Baffa ya miƙo mini su, ya ce tunda ni ne ɗan boko mai son tarkace, in je in adana.

Ɗaya daga cikin wasiƙun ƙanen Kaka ne ya aiko ta daga Indiya kafin a wuce da su fagen daga. A jikin ambulan ɗin akwai kan sarki mai hoton Sarki Joji na Shida sanye da kambi, an rubuta farashinsa da ana, kuɗin Indiya na wancan zamani. Shi ne ya ɗauki hankalina, kuma tun muna makarantar firamare na san cewa da ruwa ake ɓamɓare kan sarki. Na ɗebo ruwan ɗumi a kwanon sha, na jefa ambulan ɗin gaba ɗaya, na zauna ina kallo har kan sarkin ya rabu da takarda ya taso. Tawadar da aka yi rubutu da ita ta narke ta rine ruwan, takardar kuma ta yi laɓo-laɓo, na dunƙule ta na jefar a kwata ba tare da na ji komai a raina ba.

Bayan mako biyu na kai abin da na samu wajen wani dattijo a Rafindaɗi, wanda ya yi aikin gidan waya tun zamanin da waya da wasiƙa suke hukuma ɗaya, kuma aka ce mini yana da kundin kan sarki. Ya sa tabarau ya duba, ya tambaye ni inda ambulan ɗin yake, na gaya masa gaskiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ka zubar da nama ka riƙe ƙashi." Na ce, "Baba, ashe ba kan sarkin ake tarawa ba?" Sai ya bayyana mini cewa irin wannan kan sarki an buga shi da yawan da ba ya ƙirguwa, kuma ba zai sayi ko goro ba, amma ambulan na soja yakan ɗauki hatimin gidan wayar rundunar da na jami'in da ke tantance wasiƙu kafin su fita, sau da yawa kuma akwai lambar sojan da ƙungiyarsa a baya. Na tuna cewa lallai na ga wasu lambobi a bayan ambulan ɗin, ban kuwa tsaya na karanta su ba.

A wannan zama ne ya buɗe mini kundinsa, ya fara da asalin sunan. Kan sarki na farko a duniya Ingila ce ta fitar da shi a watan Mayu 1840 ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya, kuma lokacin da aka buga wa Nijeriya ta Arewa nata a 1900 kan sarauniyar ne dai a jiki, daga baya na sarakunan da suka gaje ta, har Bahaushe ya laƙaba wa abin sunan da yake gani. Ya ce kan sarki iri biyu ne: akwai na kullum wanda ake sayarwa shekara da shekaru ba a sauya shi ba, akwai kuma na tunawa da wani abu, wanda ake fitarwa na ɗan lokaci sannan a janye. Ya gargaɗe ni cewa wanda ya ce zai tara komai ba zai tara komai ba, domin abin ya fi ƙarfin aljihu da shekarun mutum ɗaya. Ban sha wahalar zaɓi ba. Na yanke shawarar in tara waɗanda aka fitar domin tunawa da ƙarewar yaƙe-yaƙe da cikar shekarunsu, musamman Yaƙin Duniya na Biyu, ina fata a ɓoye cewa wata rana zan ga fuskar soja irin Kaka a jikin ɗaya daga cikinsu.

Kayan aikin ba su da yawa. Baba ya hana ni taɓa kan sarki da yatsa, domin gumi da maiƙon hannu suna barin tabon da ba ya fita, ya kuma hana ni amfani da matsefatar cire ƙaya saboda bakinta yana huda takarda. Ya ba ni aron wani hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi, da gilashin ƙara girma, da wani ɗan kati da ake auna haƙoran gefen kan sarki da shi, wato a ƙirga ramuka nawa ne a cikin santimita 2. Ya koya mini jiƙawa yadda ya kamata: a fara tabbatar da cewa ambulan ɗin ba shi da wani tarihi a jikinsa, sannan a yanke kusurwar da almakashi a bar tazara, a sa a ruwa mai sanyi-sanyi har takardar ta saki da kanta, a ɗauraye gam ɗin da ya rage, a kife shi a kan takarda mai shan ruwa, in ya sha iska a danne shi da littafi mai nauyi ya kwana. Ambulan ja ko shuɗi dabam ake jiƙa shi, domin launinsa yana zuba ya ɓata sauran. Na yi wata guda ina gwaji da kan sarkin wasiƙun ofis marasa daraja kafin ya yarda in taɓa wani abu mai muhimmanci.

Samun kayan shi ne babban aiki, domin a Katsina babu kantin da ake sayar da tsohon kan sarki. Na bi tsofaffin malaman makaranta da akawuna da suka yi aikin En'e, na bi gidajen 'yan kasuwar da iyayensu suka yi cinikin gyaɗa da fata da kamfanonin Turawa, na roƙi masu sayar da tsofaffin littattafai su riƙa ajiye mini duk ambulan da suka tsinta a tsakanin shafuka. Mafi yawan lokaci amsa ɗaya ce: gara ta cinye, ko yara sun hura wuta da su, ko an sayar wa mai ƙosai. Wasu kuma da suka ji ina nema sai su ɗauka dukiya ce a hannunsu, su sa kuɗin da ko mota ba ta kai ba, in yi godiya in tashi.

Sai da na shekara ina wannan yawo kafin na samu abin da nake ɗauka a matsayin tushen kundina, a cikin takardun wani tsohon akawun kotu da ɗansa ya ba ni izinin dubawa. Kan sarki ne guda biyu na nasara da aka fitar wa Nijeriya a watan Oktoba 1946, ɗaya na ahu, wato kwabo da ɗari, mai ruwan ƙasa, ɗaya na kwabo huɗu, shuɗi. Zanensu ɗaya ne: fuskar Sarki Joji a gefe, ginin majalisar dokokin Birtaniya a bakin kogin da ya ratsa Landan, da kwanan wata 8 ga Yuni 1946, ranar da aka yi faretin nasara a birnin, wanda har ayarin sojojin Afirka ta Yamma ya shiga. Da na duba kundin farashi na Stanley Gibbons, wanda Baba yake da wani tsohon bugunsa da bango ya fita, sai na gane cewa wannan zane ba namu ba ne mu kaɗai. Shi aka buga wa Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da Saliyo da Gambiya da tsibiran da ban taɓa jin sunansu ba, abin da ake sauyawa kawai shi ne sunan ƙasa da launi da farashi. Daga baya na haɗa na ƙasashen Afirka ta Yamma huɗun a shafi ɗaya, kuma a nan ne katin auna haƙora ya yi mini amfani, domin na Gwalkwas ya zo da haƙora iri biyu waɗanda ido ba ya rarrabewa sai an auna.

Na daɗe ina kallon shafin nan, kuma ra'ayina game da shi bai sauya ba har yau. Aikin sassaƙa zanen yana da kyau ƙwarai, ana iya ƙirga tagogin ginin da gilashi. Amma ƙasashen nan huɗu su ne suka ba da mazan da aka kafa runduna ta 81 da ta 82 da su, waɗanda suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a watan Janairu 1945, ga kuma bataliyoyin Nijeriya uku da suka shiga dazukan Bama tare da dakarun Chindit, wato rundunar Birtaniya ta musamman da ke kutsawa bayan layin Japan, a 1944. Kafin wannan ma sojojin Nijeriya suna sahun gaba lokacin da aka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu 1941. Da Hausa ake ba da umarni a cikin rundunar Nijeriya, kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya taka har can ya gaishe da su. Sunayen wuraren sun dawo gida sun zauna a barikoki, Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. A kan sarkin nasararsu kuwa, wanda tsohon soja zai saya ya manna a takardar neman haƙƙinsa, abin da ke jiki ginin wata majalisa ne da bai taɓa gani ba.

Baƙar fuska ta farko da ta shiga kundina daga arewa ta zo. Wani abokin kasuwancin Kawu da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ya ji labarina, ya kawo mini wata jakar takardu ta mahaifinsa. A ciki na samu kan sarkin Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar take cikinta, mai hoton Félix Éboué, baƙar fata gwamnan Chadi wanda ya bi bayan Janar De Gaulle a watan Agusta 1940 lokacin da Faransa take hannun Jamus. Ya rasu a Alƙahira a 1944, aka fitar da kan sarkin tunawa da shi a shekarar da ta biyo. Akwai kuma guda biyu daga jerin shida na 1946 da ke ba da labarin tafiyar dakarun Faransa na Janar Leclerc daga Chadi har kogin Rhin. Ba na cewa mulkin Faransa ya fi na Ingila sauƙi, mutanen Maraɗi da suka san aikin tilas ba za su yarda da wannan magana ba, amma a fagen kan sarki dai sun nuna abin da maƙwabtansu ba su nuna ba. Sauran huɗun na jerin sai bayan shekara uku na cike su.

Da intanet ta yi sauƙi sai hanyar musaya ta buɗe. Masu tarawa a Turai da Asiya suna son kan sarkin Nijeriya da aka yi aiki da shi, mai hatimin garuruwan da ba su saba gani ba, irin su Daura da Dutsin-Ma da Funtuwa, ni kuwa ina da su tuli. Ta haka na samu guda takwas da Birtaniya ta fitar a watan Satumba 1965 domin cika shekara 25 da yaƙin sama da aka gwabza a kanta, waɗanda suka tayar da ƙura saboda alamar 'yan Nazi ta fito a wutsiyar wani jirgin Jamus da aka harbo. Na samu kuma fallaye biyar na Amurka, ɗaya a kowace shekara daga 1991 zuwa 1995, kowanne da kan sarki goma kewaye da taswirar duniya. A falle na farko akwai hanyar Bama da ake kai wa Sin kayan yaƙi ta cikinta, kuma wannan ne karo na farko da na ga sunan Bama a cikin kundina. A falle na ƙarshe an so a sa hoton hayaƙin bam ɗin nukiliya, Japan ta nuna ɓacin ranta, aka maye gurbinsa da hoton Shugaba Truman yana sanar da miƙa wuyanta. Daga jerin da Birtaniya ta yi na cika shekara 100 da Yaƙin Duniya na Ɗaya, guda shida kowace shekara daga 2014 zuwa 2018, na fi daraja na Walter Tull, ɗan ƙwallo kuma hafsa wanda mahaifinsa mutumin Barbados ne, aka kashe shi a Faransa a watan Maris 1918.

A wannan hanya na sha cuta sau ɗaya, kuma kwaɗayina ne ya jawo. Wani mai sayarwa ya tallata fallaye masu sheƙi da jiragen yaƙi da tankoki, da sunan wata ƙasar Afirka a jiki, wai na cika shekara 60 da ƙarewar yaƙi. Na biya, suka iso, na kai wa Baba ina murna. Ya juya su, ya duba kundin farashi, bai same su ba, ya ce waɗannan ba su taɓa shiga gidan wayar ƙasar da aka ambata ba, wasu ne kawai suke bugawa domin masu tarawa, kuma Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da ke Bern takan aika wa ƙasashe sanarwa a kan irinsu. Ya nuna mini wani abu makamancin haka a na Tarayyar Sobiyat da nake da su na ranar 9 ga Mayu, ranar da suke tunawa da nasararsu a kan Jamus: hatimi tsaf a kusurwa, amma gam na nan a baya bai taɓa ganin ruwa ba, alamar cewa a ofis aka buga musu hatimin aka sayar, ba su taɓa ɗaukar wasiƙa ba. Waɗannan na gaskiya ne, darajarsu ce kawai ba ta kai ta wanda ya yi tafiya ba. Tun daga ranar ba na sayen abin da ban gani a kundin farashi ba.

Yanayin garinmu ma abokin gaba ne. Da hunturu iska takan bushe har kan sarki mai gam ya nannaɗe kamar ganye, ƙura kuma ta shiga ko'ina, da damina kuwa laima takan sa gam ya kama shafi, wani tsatsa-tsatsa ya fito a takarda. Na rasa sababbi guda biyar a watan Agusta na wata shekara saboda na kwantar da kundin na ɗora masa littattafai. Yanzu a tsaye nake jera kundayen a cikin kabad nesa da bango saboda gara, kowane kan sarki a cikin aljihunsa na leda marar gam, ina zuba ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, kuma duk mako biyu ina buɗe shafukan su sha iska.

Shafin yaƙin basasarmu shi ne ya fi ba ni wuyar tsarawa. Yaƙin ya fara a watan Yuli 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, ranar da ta zama ta tunawa da mazan jiya a maimakon 11 ga Nuwamba da aka gada daga Turawa. A 1970 Nijeriya ta fitar da guda huɗu na ƙarewar yaƙin, na kwabo huɗu da na sule da na sule da sisi da na dala, kuma babu soja ko bindiga a jikinsu, alamomin haɗin kai ne kawai. Na samu kuma guda biyu na Nijeriya da aka buga wa sunan Biyafara a kai a 1968, na yi ta jinkirin sa su, har Baba ya ce mini kundi ba majalisar sulhu ba ce, abin da ya faru ake jerawa. Na sa su a ƙasan shafin, na rubuta shekarar da fensir.

Baba bai ga na ƙarshen da ya shigo ba, domin ya rasu kafin annobar korona, hantsakinsa kuma yana hannuna har yanzu bisa izinin iyalinsa. Ranar 8 ga Mayu 2020 Birtaniya ta fitar da jerin cika shekara 75 da ƙarewar yaƙin, tare da wani ƙaramin falle mai wuraren tunawa guda huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ginin tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan a ƙasar Bama. A jikin ginshiƙansa an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na sojojin da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, har da na Afirka ta Yamma. Saboda rufe hanyoyi sai bayan watanni ya iso hannuna. Na sa gilashi a kansa duk da na san ba za a iya karanta suna ko ɗaya ba, ginshiƙai ne kawai a jere.

Daga nan na shiga rumbun sunaye na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wanda kowa yana iya bincikawa a intanet. Turawa sun saba rubuta sojanmu da sunan yanka da sunan garinsa, saboda haka shafukan cike suke da Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina a matsayin sunan uba. Na rubuta sunan ƙanen Kaka, sai ga mutum fiye da ɗaya masu irin sunan, kowanne da lambarsa da bataliyarsa da ranar mutuwarsa, kuma lambar ce kaɗai za ta raba su. Na sake karanta wasiƙar da ta fito daga ambulan ɗin nan, babu komai a cikinta sai gaisuwa da neman addu'a da tambayar ko an sayar da ɗan maraƙi.

Na ɗauki kundin da sunayen da na kwafa na je wajen Goggo a Daura, ita ce kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka san shi, ko da yake tana ƙarama ƙwarai lokacin da ya tafi. Na karanta mata ranakun ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita dai abin da ta sani shi ne labarin ya zo ana cikin girbin gero, kuma wani ɗan doka ne ya kawo takardar. Biyu daga cikin ranakun za su iya dacewa da haka. Ta karɓi gilashin ta duba ginshiƙan Rangun, ta tambaye ni ko Musulmi ne suke share wurin, sannan ta ce in buɗe mata shafin da kan sarkin Indiya yake. Yana nan shi kaɗai a shafin farko, na bar fili a ƙarƙashinsa daidai girman ambulan, kuma a ciki na rubuta lambobin nan biyu da fensir.